Maganin kyauta na yara a CSI (ƙananan likitocin gwamnati) na Tawa: inda yake aiki da inda yake cijewa

Tun 2006, zamanin mulkin Tanja Mamadu, doka ta ce yaron da bai cika shekara 5 ba, ba a karɓar ko dala a kansa a likitar gwamnati: dubawa kyauta, magani kyauta. Awon ciki da tazarar haihuwa da tiyatar ciro jariri su ma suna ciki.

Wajen zazzaɓin cizon sauro tsarin ya fi cika alkawari. Uwa ta zo da karnen lafiyar yaro, a ɗora shi a sikeli, a auna zafin jiki, a soki yatsa a ɗiga jini a kan ɗan allon gwaji. Cikin minti 15 zuwa 20 layi biyu su fito in cutar ce. Sai a ba da artemeta-lumefantirin, safe da dare har kwana 3, sau shida ke nan. Yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya kowane sha, daga kilo 15 zuwa 24 ƙwaya biyu. A ba shi da nono ko abinci mai ɗan maiƙo, don jiki ya fi karɓarsa. Kuskuren da ya fi yawa a gida shi ne a tsaya a kwana na biyu saboda jiki ya yi sanyi, a ɓoye sauran don ƙanensa. Don Allah iyaye mata, a ƙarasa shi.

Amma in tari ne mai sarƙe numfashi, sau da yawa sai a ji majo, shugaban CSI, ya ce amoksisilin ya ƙare, ya rubuta ordonas zuwa farmasi. Uwar da aka ce mata kyauta ne ta fito da takarda a hannu, tana kwance bakin zane tana ƙirga ƴan canji. Zuciyarta kan tafi ga cewa an sace maganin. Galibi ba haka ba ne. CSI ce ke fara sayen magani da kuɗinta, ta yi wa yara aiki, ta cika takardun wata, ta aika ofishin lafiya na gunduma, sannan ta jira baitulmali ya biya. In biyan ya yi watanni bai zo ba, asusun ya bushe, ba abin da za a je ONPPC, hukumar sayar da magunguna ta ƙasa, da shi a sake cika kantar magani. Maganin zazzaɓi yana samun tallafin ƙungiyoyin waje, shi ya sa bai cika yankewa kamar sauran ba.

Masu cewa a soke tsarin a koma biya, ba mu tare da su. Magidancin ƙauye da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa, in an ce sai da kuɗi, zai jira har yaro ya fara jijjiga. Ragin rabin kuɗin likita da ya fara aiki ranar 1 ga Satumba 2024, da mayar da haihuwa kyauta, sun sauƙaƙa wa jama'a sosai, sai dai sun rage kuɗin da ke shiga asusun CSI. Nauyi ya ƙaru a kan INAM, hukumar da aka ɗora wa tantance takardun da biyansu. Abin da muke nema gare ta shi ne wa'adin biya tsayayye wanda kowane majo ya sani, da takarda a liƙe a ƙofar kowace CSI, da Hausa da Tamajak, mai nuna abin da yake kyauta da magungunan da suka yanke a wannan satin.