Topkapi ko Dolmabahce?

Hajiya, kin ce bayan sarin kaya a Laleli yini ɗaya ya rage miki a Istanbul, kina tambayar wace fada za ki shiga. Ni dai Topkapi zan ce miki. Amma duba ranar tukuna: Topkapi a rufe take ran Talata, Dolmabahce kuma ran Litinin. Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba T1 da ke bi ta Laleli zai kai ki kowacce. Ki sauka a Sultanahmet in Topkapi za ki, ko ki zarce ƙarshen layi a Kabatas in Dolmabahce ce.

Dolmabahce abin kallo ce. Sarki Abdulmajid ya gama ta a 1856, gini irin na Turai a bakin ruwa, ɗakuna 285, ga wata fitila mai nauyin tan huɗu da rabi a babban zaure. Agogon ɗakin da Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya rasu a 1938 yana tsaye a 9:05, lokacin da ya cika. Awa biyu kin gama.

Topkapi ba ta da wannan ƙyalƙyali. Sarki Muhammad Alfatih ya gina ta bayan ya ci garin a 1453, farfajiya bayan farfajiya, sai ka ce gidan sarautar da muka saba. A zauren majalisa ki ɗaga kai, akwai wata taga mai raga. Bayanta sarki kan zauna ya yi shiru, waziri na magana bai san ko ana jin sa ba. A fadar nan Ibrahim Pasha, waziri kuma aminin Sarki Sulaiman, ya sha ruwa da ubangidansa a azumin 1536, gari na wayewa aka tarar an shaƙe shi. Muhammad na uku da ya hau gado a 1595 ya sa aka kashe ƙannensa 19. Kada ki tsallake cikin gida, wajen matan sarki, inda aka halaka Kosem, kakar sarki, a 1651 a rikicinta da surukarta Turhan. Kishin gidan sarauta ba wasa ba ne, Hajiya.

Abin da ya sa na fi karkata can kuwa ɗakin kayan Manzon Allah (SAW) ne, alkyabbarsa da takubba, waɗanda Sarki Salim ya kawo bayan cin Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a wurin ba dare ba rana, layi kuma na da tsawo. Ki yi sammako, ki fara da shi, ki sa takalmi marar tsini, don hanyar duk dutse ce.