SQLite ko PostgreSQL? Kada ka sayi sabar tukuna

Malam, ka tambaya ko ka sayi sabar, wato babbar kwamfuta mai riƙe bayanai, da kuɗin da ka ware, ka mayar da bayanan kantinka daga SQLite zuwa PostgreSQL. Duka biyun manhajojin rumbun bayanai ne. Zauna a kan SQLite ɗinka. Ka ce kwamfuta ɗaya ce a kantin, rahoton ƙarshen wata ne ke tafiyar hawainiya, sai kuma saƙon nan na "database is locked", wato rumbun bayanan a kulle yake, da ke fitowa jefi-jefi. Duk cikinsu babu wanda sai ka sayi sabar ka koma PostgreSQL zai warke. Kuɗina ya taɓa bin wannan hanyar, shi ya sa nake faɗa maka kai tsaye.

Ni na rubuta wa yayana manhajar ciniki ta kantin maganinsa, kuma a kan SQLite na ɗora ta. Shekara uku tana aiki lami lafiya, fayil guda ɗaya a cikin kwamfutar kan kanta, ba mai taɓa shi. Da rasitai suka taru, sai abin ya fara nauyi. Yaron kanti zai danna cinikin yau, ya tsaya yana kallon allo, ga layin mutane riƙe da takardun asibiti, wata uwa da yaro a goye tana ta tambaya ko an samu. Yaya ya kira ni ransa a ɓace. A tsakanin nan wani mai sayar da kwamfutoci ya shawo kansa cewa ai wannan ƙaramin rumbun bayanai na wasan yara ne, kanti irin nasa sai babbar na'ura. Muka haɗa kuɗi muka saya. Na kwashe kusan mako biyu ina kwashe bayanai zuwa PostgreSQL, na kunna rahoton nan, ya ci gaba da jan ƙafarsa. An ɗan samu sauƙi, amma bai kai ko kusa da abin da muka kashe ba. Ga ƙarar fanka dare da rana, ga batirin inbata da ba ya kai mu asuba idan an ɗauke wuta.

Ba laifin PostgreSQL ba ne, gaskiya. Ingantaccen abu ne, tushensa aikin da Michael Stonebraker ya fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1986, kyauta ne, kuma idan mutane da yawa za su riƙa rubuta bayanai lokaci guda daga kwamfutoci daban-daban, ya fi SQLite nesa ba kusa ba. Sai dai yana son mai kula da shi, kai kuma ba ka da buƙatar rubutu daga kwamfutoci da yawa.

Abin da ya warware mana matsalar, wani dare ne bayan sallar isha'i da na zauna a bencin bayan kanta tsakanin kwalayen magani, na buɗe tsohon fayil ɗin SQLite a laftof ɗina. Na ɗauko tambayar da ke fitar da cinikin rana, wato umarnin da manhaja ke aika wa rumbun don ya nemo bayanai, na rubuta EXPLAIN QUERY PLAN a gabanta. Wannan umarnin ba ya fito maka da bayanan, hanyar da injin SQLite zai bi ya nemo su yake nuna maka. Amsar da ta fito ita ce SCAN ciniki. Wato duk lokacin da yaron nan ya danna, sai an karanta teburin ciniki daga rasit na farko har na ƙarshe, cinikin shekara uku, don a tsamo na yini ɗaya. Kamar mutum ya zazzage buhun gero yana neman tsaba guda.

Na rubuta CREATE INDEX idx_lokaci ON ciniki(lokaci) don gina indes, wato jerin da ke nuna wa injin inda kowane layi yake, a kan ginshiƙin lokaci na teburin, na sake gwadawa, har yanzu SCAN. Nan na daɗe ina kallon allon kafin na gano inda gizo ke saƙa. A tambayar tawa na rubuta WHERE date(lokaci) = '2023-05-14'. Da zarar ka naɗe ginshiƙi a cikin wani aiki irin date, indes ɗin da ka gina a kan ginshiƙin tsurarsa ba zai yi amfani ba, domin sai an lissafa kowane layi kafin a kwatanta. Na mayar da ita WHERE lokaci >= '2023-05-14' AND lokaci < '2023-05-15'. Sai ga SEARCH ciniki USING INDEX idx_lokaci. Na danna, kafin in ɗaga yatsa amsa ta fito. Na kira yaya daga cikin gida ya zo ya danna da hannunsa, ya danna sau uku bai ce komai ba, sai hamdala.

Don haka abu na farko, buɗe fayil ɗinka da manhajar sqlite3 ko DB Browser for SQLite, ka bi tambayoyin rahoton nan ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ka ga SCAN a kan babban tebur, tsaya nan. Ka lura sosai da wurin da ake haɗa tebura biyu, misali rasit da kayan da ke cikin rasit. SQLite ba ya gina indes da kansa a kan ginshiƙin da ke nuni zuwa wani teburin, kai za ka gina. In ka ga kalmomin AUTOMATIC COVERING INDEX a cikin amsar, yana gaya maka ne cewa duk lokacin da aka yi tambayar sai ya gina indes na wucin gadi ya jefar, to ka gina masa na dindindin ya huta. In kuma ka ga USE TEMP B-TREE FOR ORDER BY, jera sakamakon ne ke cin lokaci. Bayan ka gama, ka kunna ANALYZE sau ɗaya don injin ya san girman teburanka ya riƙa zaɓen hanya mai kyau. Amma kada zumuɗi ya sa ka lafta indes a kan kowane ginshiƙi, kowane ɗaya yana ƙara wa rubutu nauyi.

Akwai kuma neman sunan kaya. Idan manhajarka tana amfani da LIKE '%para%' don nemo farasitamol, alamar nan ta farko tana hana indes na yau da kullum aiki. A teburin kayan kanti mai 'yan dubbai ba za ka ji ba. In ya girma, SQLite na da FTS5 a cikinsa tun 2015, an yi shi ne musamman don binciken kalmomi.

Batun kullewa kuwa, ga yadda yake. SQLite mai rubutu ɗaya yake bari a lokaci guda. A tsarinsa na asali, idan dogon rahoto yana cikin karatu, mai son ajiye sabon rasit sai ya jira, kuma idan ba a gaya masa ya jira ba, nan take zai dawo da saƙon da kake gani. Ka ga ke nan matsalolinka biyu uwarsu ɗaya: rahoton da ke daɗewa shi ke tare ƙofa. Gyara indes kaɗai zai rage abin sosai. Sauran kuma layi biyu ne. PRAGMA journal_mode=WAL, wanda ya shigo tun siga ta 3.7.0 a 2010, yana barin masu karatu su yi ta karatunsu mai rubutu na rubutunsa, kuma sau ɗaya ake saita shi ya zauna a fayil ɗin. Sai PRAGMA busy_timeout=5000, wanda ke sa a jira har daƙiƙa biyar kafin a ce an kulle; shi wannan duk lokacin da manhaja ta buɗe fayil sai an maimaita shi. In da wurin da manhajar ke karantawa sannan ta rubuta a cikin aiki ɗaya, kamar duba ragowar kaya kafin a rage, fara shi da BEGIN IMMEDIATE don ya kama damar rubutu tun farko.

Idan shigar da sababbin kaya daga Excel ma yana ɗaukar lokaci, duba ko kowane layi ake ajiyewa shi kaɗai. Masu SQLite da kansu sun bayyana cewa yana iya shigar da layi 50,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, amma a kan faifai mai juyawa ajiya 'yan gomomi kawai yake kammalawa a daƙiƙa, domin kowace sai ya tabbatar ta sauka a faifan. Sa BEGIN a farko, COMMIT a ƙarshe, su tafi a dunƙule.

Wanda ya ce maka abin wasan yara ne, wayar da ke aljihunsa ma da shi take aiki. Richard Hipp ya fitar da shi a 2000, yau yana cikin kowace wayar Android da iPhone, yana cikin Chrome da Firefox, kuma fayil ɗinsa na iya kaiwa terabayit 281. Kantinka ba zai cika shi ba.

Wuri ɗaya ne zan ce maka ka bar shi. Ranar da ka ƙara kwamfuta ta biyu da ta uku, kada ka kuskura ka ajiye fayil ɗin a folda ɗaya su riƙa buɗe shi ta netwok. WAL ba ya aiki a haka, kuma kulle fayil ta netwok ba abin dogaro ba ne, nan ne bayanai ke lalacewa. A ranar ne za ka buƙaci irin su PostgreSQL, kuma ko a ranar ƙaramar kwamfuta mai SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, ta ishe shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Daga SQLite har PostgreSQL ba sai ka biya kowa ko sisi ba kafin ka yi amfani da su, duk wanda ya saka maka kuɗin lasisinsu a takardar farashi cutar ka zai yi. Wanda ya sayar mana da sabar tamu ya rantse faifan ciki sabo ne, da na duba da manhajar CrystalDiskInfo na tarar ya yi shekaru yana aiki. Ka duba awannin da faifai ya yi a gaban mai kaya kafin ka miƙa kuɗi. Akwai kuma jabun SSD da filash da ke nuna girman da ba su da shi, su karɓi bayanai su haɗiye. Manhajar H2testw na tona asirinsu. Irin waɗannan ne ke lalata rumbun bayanai idan wuta ta ɗauke, sai a ɗora wa manhaja laifi. Haka nan duk wanda zai yi maka gyara, kada ka yarda ya rufe bayananka da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki kwafi. Idan kana kan WAL, za ka ga ƙarin fayiloli biyu masu ƙarewa da -wal da -shm kusa da naka. Kada ka goge su, kuma kada ka kwafi babban fayil shi kaɗai manhaja na buɗe, cinikin baya-bayan nan na iya kasancewa a cikin na -wal. Yi amfani da VACUUM INTO 'kwafi.db' ko umarnin .backup, sannan ka kunna PRAGMA integrity_check a kan kwafin ka ga ya ce ok. A kan kwafin za ka yi duk gwajinka.

Kantin yaya ya koma kan SQLite tun daren nan, sabar kuma tana sito an lulluɓe ta da leda. Kuɗin da ka ware, sayi SSD na gaske da ƙaramar UPS mai riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ragowar ka zuba a kaya. Turo min tambayar rahoton da abin da EXPLAIN QUERY PLAN ya nuna, in sha Allahu za mu ga inda indes ɗin ya kamata ya zauna.