Outlook da Thunderbird: wanne ya fi saurin sanar da kai sabon saƙo?

Malam, ka ce kana so ka sa manhajar imel a kwamfutar ofis, kana tambayar tsakanin Outlook da Thunderbird wacce za ta riƙa sanar da kai saƙo da zarar ya shigo. Na yi aiki da su duka biyun, kuma a ganina saurin ya fi danganta da irin asusunka.

Idan asusun POP ne, wato tsarin da ke sauke saƙonni zuwa kwamfutarka, manhajar ce ke zuwa ta leƙa sabar (kwamfutar da ke ajiye imel ɗinka) lokaci-lokaci. Thunderbird na leƙawa duk minti 10 idan ba ka taɓa saitinta ba, Outlook na gargajiya kuwa duk minti 30. Ka ga saƙo na iya yin kusan rabin awa a zaune ba ka sani ba. Duka biyun ana iya rage musu lokacin, ko ka danna F9 a Outlook, F5 a Thunderbird, su leƙo nan take. Idan asusun IMAP ne, wato tsarin da ke barin saƙonni a kan sabar, akwai wata dabara da ake kira IDLE, tun 1997 take: manhajar na barin layi a buɗe, sabar da kanta take sanar da ita. Thunderbird na amfani da ita. Shi kuwa Outlook, inda ya fi gwaninta shi ne asusun Exchange, tsarin imel na Microsoft da kamfanoni ke amfani da shi, saƙo na sauka sanarwa na fitowa.

Wajen kamannin sanarwar ba su da wani nisa. Kowacce na fito da ɗan akwati a ƙasan allo ta hannun dama, ga kuma ƙara. Sai dai Thunderbird na ba ka zaɓi ka cire sunan mai aikowa, ko taken saƙon, ko layukan farko. Wanda ke ofis mai yawan shige da fice ya san amfanin wannan, don ba kowane saƙo ake so na kusa ya karanta ba.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne jakunkuna. Ka kafa wa Outlook ƙa'idar kai saƙonnin oga wata jaka daban, to sanarwa ta ɗauke, sai ka ƙara umarnin nuna ta a cikin ƙa'idar. Thunderbird ma babban akwatin shigowar saƙonni (Inbox) take dubawa. Sauran jakunkunan sai ka shiga saitin kowacce ka ce a riƙa duba ta.

Ka kuma tuna Windows na da yanayin hana damuwa da ke danne sanarwa, har yakan kunna kansa idan ka haɗa kwamfuta da majigi. Kuma idan ka rufe Thunderbird ko Outlook na gargajiya gaba ɗaya, shiru za ka ji.

Shawarata, idan ofishinku na kan Exchange, ka zauna da Outlook. Idan Gmail ne ko wani asusun IMAP, ɗauki Thunderbird. Kyauta Mozilla ke ba da ita tun 2004.