Ta kilo 6 ko ta 12,5? Kafin ka sayi tukunyar gas a Damagaram

Bara da ƙanwata za ta tare a Garin Malam ni aka ɗora ma sayen tukunyar gas, shine na yi kwana biyu ina zagaya kasuwar Dole da butik-butik na Zango ina tambaya. Tunda aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 kan hanyar Tanut gas ya shiga gidaje sosai, amma wallahi har yanzu da yawanmu da ido muke saye, wadda fentinta ya fi sheƙi kawai.

Ka ɗaga cikakkiyar tukunya ka girgiza, zaka ji abu na motsi kamar ruwa, to gas ɗin ne a matsayin ruwa, iskar tana ɗan filin da ya rage a sama. A lise an koya mana PV = nRT ɗin da Clapeyron ya haɗa a 1834, ma'anarta dai iskar da aka rufe a wuri in zafi ya ƙaru matsinta ma ƙaruwa yake. Tayar ɗan kabu-kabu da aka yi ma iska da asuba a digiri 20, in ta kai 45 matsin ya hau da kusan kashi 8 cikin 100. Na tukunya kuwa ya fi haka nesa, don ruwan cikin yana ta ƙara zama iska, butan, wato irin gas ɗin da ke ciki, a digiri 20 matsinsa wajen bar 2 ne (bar ma'aunin matsi ne), a 40 ya kusa 4, kusan ninki kenan, kuma kowa ya san zafin watan Afrilu da Mayu a garin nan. Shi ya sa ba a cika ta fal, kashi 80 zuwa 85 ake tsayawa don ruwan ya samu wurin kumbura. Duk wanda ya ce zai cika maka har baki, ka ɗauke kayanka ka tafi.

Ta kilo 6 ita aka fi ɗauka, kan girkin a samanta ake ɗaurawa, ba tiyo ba komai, mace ɗaya ta ɗauke ta da hannu, kuɗin canji ma da sauƙi ranar da aljihu ya bushe. Matsalarta wuta na zaune bisa tukunyar kanta, ki ɗora babbar tukunyar tuwo mai faɗin gindi sai zafin ya riƙa dawowa ƙasa yana dukan ƙarfen da robar bakin, ga tsayi, ana tuƙi tana rawa. Kuma da hunturu na gani da idona a gidanmu, da sassafe Inna ta ɗora ruwan koko gas ɗin ya yi ƙasa, jikin tukunyar gas ɗin ya yi sanyi har da raɓa, wutar ta koma kamar ta fitila. Ba ƙarewa ya yi ba, ruwan gas ɗin in yana zama iska zafi yake ja daga jikinsa, shi kuma butan da ya kusa digiri 0 ya daina tashi, ƙaramin ruwa kuma saurin hucewa gare shi.

Ta 12,5 sai da detanda, wato abin da ke rage matsin gas ɗin, da tiyo da teburin girki, kuɗin farko ya fi yawa gaskiya, ɗaukarta ma sai an samu mai babur. Amma wuta na can tukunya na nan, kana iya ajiye ta a inuwa inda iska ke wucewa, a tsaye, kuma wutarta ta fi tsayawa daidai. Gida mai mutum biyar shida da ake girki sau uku, ni ban ga dalilin wahala da ƙarama ba. Ta kilo 3 kuwa ta gwauro ce da mai shayi.

Wani mai butik ya so ya haɗa mini da detanda mai agogo wai zai nuna saura nawa. Kar ka biya don wannan, muddin akwai ruwa ciki ko rabi ne ko kwata allurar kusan wuri ɗaya take, zafin rana take bi, sai dab da ƙarewa ta faɗi. Ɗan sikelin ratayawa ya fi shi amfani, nauyin tukunyar ba komai ciki yana buge a jikin ƙarfen, ka auna ka cire, ka san kilo nawa aka ba ka.

Ƙanwata 12,5 na saya mata. Kafin in biya na juya gindin na duba tsatsa da lotsewa, na sa aka canza robar bakin, a gida kuma muka shafa kumfar sabulu a duk mahaɗar tiyo, ba ashana ba don Allah, gas ɗin nan ya ninka iska nauyi kusan sau biyu, in ya zuba ƙasa yake kwanciya inda yara ke rarrafe. Kumfa ta tashi a gefe ɗaya, muka ƙara ɗaure ƙarfen tiyon sannan ta ɗora sanwa.