Man ƙasan ido mai kafeyin: wata biyu ina shafawa

Da azumin bana ƙasan idona ya riƙa kumbura kullum da safe, ga rashin barci, ga miyar sahur da gishiri ya yi wa yawa. A Sabon Gari na sayi 'yar kwalbar nan mai mililita 30, mai kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi. Yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, kumburin ya sauka.

Ɗigo ɗaya ya isa ido biyu. Ni a firij nake ajiye shi, sanyin ma na taimakawa. Yanzu da azumi ya wuce, kafin na gama karin kumallo fuskar ta dawo daidai.

Yayata kuwa, nata kitse ne da shekaru suka turo gaba, mai ba ya maganin wannan, sai likitan ido. Kumburin da ya haɗa da ƙafafu, a duba ƙoda.