Sati biyu a horon gyaran gine-ginen tarihi

Ni magini ne, gado na yi, a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Da dagacinmu ya sa sunana a horon kula da wuraren tarihi, na tafi ina cewa a raina, me ɗan boko zai koya mini a kan tubali?

Ashe da saura. Malamin da ya ɗauke mu darasin bango ya kai mu gindin wata tsohuwar katanga da aka shafe da siminti, ya ƙwanƙwasa, sai ka ji kamar ganga. Ya ce ginin ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa. In siminti ya rufe shi, damshin da ke tasowa daga tushe sai ya rasa mafita, ya ci tubalin ta ciki, waje kuwa sumul. Na sha ganin haka ban san dalili ba. Ni da hannuna na yi wa zauren mai unguwarmu wannan aika-aika, har da sa mini albarka.

Sun kuma koya mana a ɗauki hoto, a auna tsaga, a rubuta kafin a taɓa gini. Wannan ya shige ni.

An kai mu Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda tsohon zanen shanu marasa tozo yake a jikin dutse. Tun muna yara muke zuwa, mu shafa, mu yayyafa ruwa don jan ya fito. Da aka ce haka ke cinye zanen, shiru na yi.

Inda suka gaza shi ne kwana huɗun farko: majigi da Turanci, sai da wani dattijo daga Rano ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mana da Hausa." An yi ta yabon Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, amma ba a gayyato sarkin magina ko ɗaya ba. Laso ma, wato shafen gargajiya mai hana ruwa shiga gini, a allo muka ga haɗinsa: katsi (dattin da ke kwanciya a rijiyar marina), gashin jima, da dafara (wani tsiro mai danƙo). Babu wanda ya kwaɓa. Makuba kuwa, wato ɓawon ɗorawa da ake shafe gini da ruwansa, dattijon nan ne ya jiƙa ya nuna wa malaman.

Shawarata, duk maginin da ya samu dama ya je horon, zai ƙaru, amma ya riƙe kuɗin motarsa, don alawus ɗin sai ranar ƙarshe. Takardar shaida har yau ba ta iso ba. Kafin ruwa ya sauka zan je in lallashi mai unguwa ya bar ni in ɓamɓare simintin nan.