Tauraron ɗan adam ko jirgi marar matuƙi: wanne ke fara ganin ƙishin shuka?

Alhaji, tambayar da ka yi a zauren nan ita ce: kuna da gonakin masara da shinkafa na rani a Dadin Kowa, wani ya ce ku dogara da hotunan tauraron ɗan adam tunda kyauta ne, wani kuma ya ce ku yi hayar jirgi marar matuƙi, to wanne zai fi saurin nuna maka cewa shuka ta fara jin ƙishi? Amsar tana ga abin da kowannensu yake kallo, domin ba abu ɗaya suke gani ba.

Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu, kuma fitar ruwan ce ke sanyaya shi, kamar yadda tulun ƙasa ke sanyaya ruwan da ke cikinsa. Da zarar jiƙar ƙasa ta ragu, shuka sai ta rufe ƙofofin don ta yi tattalin abin da ya rage, ganyen ya ɗau zafi. Wannan yana faruwa tun ganyen yana kore shar, kafin ya naɗe, kafin ya yi yaushi. Saboda haka zafin ganye ne alamar farko, dusashewar launi tana zuwa daga baya. Tun 1981 masu bincike a jihar Arizona ta Amurka suka fitar da ma'aunin ƙishin shuka ta hanyar kwatanta zafin ganye da zafin iska.

Tauraron da aka fi amfani da shi shi ne Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, na biyu a 2017. Yana dawowa kan gonarka duk kwana 5, kuma kowane ɗigo a hotonsa fili ne mai mita 10 tsawo da faɗi. Sai dai ba shi da na'urar auna zafi. Koren ganye yake aunawa, abin da ake kira NDVI, da kuma ɗanyantakar ganye, ita kuma a ɗigon mita 20. In ka ga koren ya ja baya a hoto, to ƙishin ya riga ya kwana biyu yana cin shukar. Kuma hoton ba zai faɗa maka dalili ba: ƙarancin taki, tsutsa da ruwan da ya kwanta ya yi yawa duk suna iya ba da kala iri ɗaya.

Taurarin Landsat 8 da 9 na Amurka suna auna zafi, amma ɗigonsu na zafi mita 100 ne, wato hekta guda cur. A wuri irin namu, inda fangalin wannan ke manne da na wancan, ɗigo ɗaya zai haɗa masararka da shinkafar maƙwabcinka da hanyar ruwa ya ba ka lamba guda. Ga shi sai bayan kwana 8 ake samun sabon hoto, kuma da hantsi suke wucewa, alhali ƙishi ya fi bayyana daga tsakar rana zuwa azahar. Gajimaren damina yana rufe musu ido gaba ɗaya, hazon hunturu kuma yana dagula lissafin, daidai lokacin da muke tsakiyar noman rani.

Jirgi marar matuƙi ya tsallake yawancin waɗannan matsaloli. Yana tashi ƙarƙashin gajimare, kai ke zaɓar masa lokaci, kuma yana bambance layi da layi, har ka ga inda ruwa bai kai ƙarshen fangali ba. Amma a nan nake son ka buɗe ido sosai, Alhaji: yawancin jiragen da ake yawo da su na ɗaukar hoton biki ne, kyamararsu launi kawai take gani. In ba mai kyamarar auna zafi ba ne, kuɗinka za ka zubar. Ka tambayi mai jirgin kai tsaye, ka kuma tambaye shi takardar izini, don tashi da jirgi a Najeriya yana buƙatar amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Akwai kuma tsada, ga baturi da ba ya daɗewa a sama.

Ni a ganina, ƙungiyarku ta riƙe Sentinel-2 a matsayin mai gadi, ana duba shi kowane mako don a ga ɓangaren da ke ja baya a duk faɗin filin. Jirgin kuma ku haɗa kuɗi ku kira shi lokacin da ƙishi ya fi yin ɓarna, wato sa'ad da masara ke fitar da kai da gemu, ko shinkafa ta yi ciki. Wanda gonarsa ba ta kai hekta ba, ƙaramar na'urar auna zafi ta hannu ta ishe shi: ya auna ganyen fangalin da ya sha ruwa jiya, ya auna na wanda yake zargi, da misalin ƙarfe 1 na rana. In na biyun ya fi zafi a fili, ya tona ƙasar gindinsa da hannu ya tabbatar kafin ya tada injin ban ruwa.